Gwajin DNA na "gano sana'ar da ta dace da yaro": kada ka yi saurin biya

Wasu kamfanoni, musamman a Sin da Amurka, suna sayar da wani ɗan kwali ta intanet, wai zai nuna maka ko ɗanka likita zai zama ko injiniya. Abin da ke ciki bai wuce 'yar kwalbar roba mai lamba ba, wani lokacin da tsinke mai auduga a kai.

Amfani da shi ba wuya. Yaro ya yi rabin awa bai ci ba, bai sha ba, bai goge baki ba. Sai a goga audugar a cikin kumatunsa, ko ya tofa miyau kamar mililita 2 har ya kai layi, ban da kumfa. A rufe, a yi rajistar lambar, a aika. Idan miyau ya gaza ko guntun abinci ya shiga, sai an sake.

Ɗakin gwajin yakan karanta wurare kusan 600,000 cikin biliyan 3 da ke jikin DNA ɗin mutum. Wajen fassara ne ake yi wa iyaye romon baka. Babu wata ƙwayar halitta ta likitanci. Binciken 2022 da ya haɗa mutum miliyan 3 ya gano wurare 3,952 masu alaƙa da yawan shekarun karatu, amma makin hasashen da aka haɗa daga irin waɗannan wurare kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari kawai ya bayyana na bambancin shekarun karatu tsakanin mutane. Da aka gwada tsakanin 'yan'uwa ciki ɗaya, kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, domin wani ɓangaren tasirin gida ne. Makin hasashen matsayin sana'a kuwa, da aka yi da bayanan UK Biobank (rumbun bayanan lafiya da DNA na Birtaniya), bai haura kashi 10 ba. Ai ɗan maƙeri da ya tashi yana zuga wuta, ba jini kaɗai ya gada ba, har da uwar maƙera da masu kawo gyaran garma.

Ga kuma abin da ya shafe mu: kusan duk bayanan daga Turawa aka samo su, shi ya sa hasashen ke faɗuwa warwas a kan 'yan asalin Afirka.

Wanda ya nace sai ya saya, ya fara duba ko za a goge bayanan yaron a kuma zubar da miyan idan ya buƙata. A 2023 an kutsa cikin bayanan mutum miliyan 6.9 na 23andMe, fitaccen kamfanin gwajin asali, a 2025 kuma ya shigar da takardar karyewar jari.