Akwatin nazarin halittu na 'yan firamare: abin da ke da amfani a ciki da abin da sai malami ya gyara

Masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje suna yawan kai wa makarantun Kaduna tallan wani akwatin roba da ake shigo da shi daga waje, wanda aka haɗa domin koya wa yara yawan nau'o'in halittu da yadda rayuwar wani ta rataya a kan ta wani. Sunan da ke jikin murfin yakan bambanta, amma kayan ciki kusan iri ɗaya ne: madubin ƙara girma guda shida, kwalaben roba masu murfi mai huji guda shida, ragar kama ƙwari guda biyu, hantsaki, ƙundun zare, katuna masu hotunan dabbobi da tsirrai, da ɗan littafin jagora da Turanci. Ra'ayinmu shi ne a saya, da sharaɗin malami ya san rabin aikin yana wuyansa, domin wanda ya haɗa akwatin bai san abin da ke tsiro a harabar makaranta a Rigasa ko Kawo ba.

Madubin shi ne abin da ya fi komai daraja a ciki, kuma a nan ake yawan cutar mai saye. Za ka ga an rubuta sau 10 a jikin mariƙin, alhali babban gilashin bai wuce sau 2 ko 3 ba. Gwada shi ba wuya tun a gaban mai shago. Ka juya wa taga baya kaɗan, ka riƙe farar takarda, ka matsa madubin gaba da baya har hoton tagar ya fito sarai a kan takardar, sannan ka auna tazarar da ke tsakaninsu. Ka raba santimita 25 da wannan tazara, abin da ya fito shi ne ƙarfinsa. In tazarar santimita 10 ce, sau 2 da rabi ke nan. Mai sau 10 na gaskiya ƙarami ne, tazararsa santimita 2 da rabi, kuma shi ne zai nuna wa yaro garin fure a ƙafar ƙudan zuma ko gashin da ke jikin ganyen kuɓewa. Yara kan miƙa hannu nesa da fuska su ce ba su ga komai ba. A nuna musu su manna madubin kusa da ido, su jawo abin da ake dubawa zuwa gare shi. Yawancin waɗannan madubai na roba ne, ƙurar hunturu kuma tana karce su in aka goge da gefen riga, don haka a hure ƙurar tukuna, a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle mai laushi. Tun ranar farko a kafa doka cewa ba a kallon rana da shi, ba a kuma tara hasken rana a kan fata ko busasshiyar ciyawa.

Kwalaben suna da kyau, sai dai abu biyu. Hujin murfin yana da faɗin da kiyashi da ƙananan ƙwari za su fice, maganinsa a shimfiɗa guntun gidan sauro kafin a rufe. Na biyu shi ne zafi. Kwalbar roba da aka bari a rana a watan Maris ko Afrilu tana kashe abin da ke ciki cikin 'yan mintuna, darasin da ake son ya koyar da tausayin halitta kuma sai ya ƙare da gawar fara a hannun yaro. A ajiye su a inuwa, kada ƙwaro ya wuce minti 15 a ciki, a mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi. Kada a haɗa ƙoƙiƙoƙi ko gizo-gizo da wani ƙwaro a kwalba ɗaya, sai in ana son a ga farauta.

Ragar ce mafi rauni. Yadinta na kama malam-buɗe-littafi ne a sarari, ƙarangiya da ƙaya suna yaga ta a fita ɗaya ko biyu, sandar kuma siririya ce mai lanƙwashewa a mahaɗa. Tela zai ɗinka jakar farin yadi mai kauri, zurfinta kamar santimita 60, a ɗora a kan zoben na asali, a ɗaura a sandar mofa. Da ita ake sharar ciyawa sau 10 ana tafiya, a juye abin da aka kama a kan farin buhu. Hantsakin kuwa a bar shi a hannun malami, yara suna murƙushe ƙwari da shi.

Katunan su ne babbar matsalar, kuma a kansu ne darasin alaƙar halittu ya dogara. Hotunan na dabbobi da itatuwan ƙasashen sanyi ne, waɗanda yaron Tudun Wada bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba. Zai haddace su ya ci jarrabawa, ya fito ƙofar aji ya wuce ƙadangare yana cafkar shinge bai san abin da aka koya masa ke nan ba. Shawararmu a ajiye su gefe, a yanka kwali mai faɗin tafin hannu, yara su zana nasu da kansu, sunan Hausa a sama, na Turanci a ƙasa saboda jarrabawa.

Abin zanawa yana da yawa. Ɗorawa tana fure da rani, jemage yana cikin manyan masu kai mata garin fure da dare, daga nan 'ya'ya su fito, a sami kalwa, a yi daddawa, ta shiga miyar gidan su yaron. Kati biyar ke nan a jere, kuma yaron da ke jifan jemage zai fara tunani. Kuka ma da dare furenta ke buɗewa, jemage ne ke ziyartarsa. Kaɗanya ta dogara sosai da ƙudan zuma, man kaɗe ke nan. Balbela tana bin shanu ne saboda ƙwarin da kofatonsu ke tayarwa daga ciyawa, buzuzu kuma yana binne kashin shanun a ƙasa, ciyawa ta samu taki. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sha rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi suka rasa abinci. Akwai kuma alaƙar da ɓangare ɗaya ke cutuwa, kuma ya kamata yara su san ta: ƙuduji yana manne wa saiwar dawa da masara yana tsotse su, kauci yana zaune a reshen itace, tsuntsu ne ke kai ƙwayarsa mai danƙo daga wannan reshe zuwa wancan. In makaranta tana da ɗan lambu, a tuge wake guda ɗaya a hankali, a wanke saiwar, a tsaga ƙululun da ke jikinta. Wanda ke aiki cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin halitta ne a ciki suna samar wa shukar sinadarin da manomi ke saye a buhun taki. A ƙarƙashin madubi mai sau 10 ana ganin launin sosai.

Katin ungulu kada a rasa shi. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da aka saba gani a mahauta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma yara da yawa a cikin gari ba su taɓa ganin ta da idonsu ba. Abin da ya faru a Indiya a shekarun 1990 ya isa misali: wani maganin dabbobi ya kashe ungulaye da yawan gaske, mushe ya riƙa zama a fili, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru da su. 'Yan aji biyar da shida suna gane wannan tsaf.

Da waɗannan katuna ake wasan zaren. Yara su yi da'ira, kowa ya rataya katinsa a wuya, mai riƙe da katin rana ya tsaya a tsakiya da bakin zaren. Ya miƙa wa shuka, shuka ta miƙa wa mai cin ta, amma ba a miƙawa sai an faɗi dalili da baki. In zare ya sarƙe ko'ina, sai malami ya ce an sare ɗorawa, mai katinta ya saki nasa, duk wanda ya ji zarensa ya yi sako-sako ya ɗaga hannu, shi ma ya saki. Abin da ke ɓata wasan yawanci uku ne. Zaren cikin akwatin gajere ne kuma yana tsinkewa, a sayi zaren saƙa mai kauri ƙundu biyu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Yawan yara ma yana kashe shi, in sun haura 20 na baya ba sa jin komai a hannunsu, don haka ajin da ke da yara 60 a raba shi uku. Sannan ana manta masu ruɓar da matacce, wato gara da tana da naman kaza, sai sarƙar ta tsaya a kan shaho kamar a nan rayuwa ta ƙare. In za a zana a allo bayan wasa, kibiya tana tashi daga wanda aka ci zuwa ga wanda ya ci, kuma nan ne yara suka fi kuskure, su juya kibiyar.

Littafin jagorar bai kula da lokutanmu ba. A Kaduna fita mafi albarka tana tsakanin Mayu da Oktoba, da safe bayan raɓa ta bushe. Ranar 22 ga Mayu, wadda duniya ta keɓe domin yawan nau'o'in halittu, tana faɗowa daidai farkon damina, lokacin da shinge ke fitowa. Aikin da muka fi so daga littafin shi ne na murabba'i: turaku huɗu da igiya, mita 1 kowane gefe, a kafa ɗaya a tsakiyar filin ƙwallo, ɗaya a gindin darbejiya, ɗaya kusa da inda ruwan famfo ke malala. Kowane rukuni na yara shida ya ƙirga iri nawa ya gani, ba guda nawa ba, wanda ba a san sunansa ba a zana shi a ba shi lamba. A maimaita a wuri ɗaya a watan Janairu, a kwatanta.

Shafin tsaro na littafin bai ambaci ko ɗaya daga abin da ke gabanmu ba. Kunama da shanshani suna kwana ƙarƙashin dutse da bulo, don haka malami ne ke ɗaga su da sanda, ya jawo su ta ɓangarensa yadda abin da ke ƙasa zai gudu gaba. Gizaka ba a taɓa ta da hannu, haka jemage ko da ya faɗo ƙasa. In an kai yara bakin Kogin Kaduna ta wajen Gamji, ko wani kududdufi, kada ƙafa ko hannu ya shiga ruwa, domin katantanwar ruwa ce ke ɗauke da tsutsar tsargiya. A ɗebo ruwan da bokiti mai igiya, a zuba a farin faranti, a duba da cokali. Kowa ya sa takalmi rufaffe, a wanke hannu da sabulu kafin tara.

Akwati ɗaya yana isar yara 30 zuwa 36 in an raba su shida-shida. Makarantar da kuɗinta bai kai ba ta sayi madubai masu sau 10 guda shida kawai bayan ta gwada su, ta tara kwalaben roba masu faɗin baki daga gidajen iyaye, ta ba tela ɗinkin raga.