Na'urar da ke tsaron tsoho da dare: wace za ka saya a Maradi?

A Faransa da Amurka akwai gidajen kula da tsofaffi da ake manna na'urar gane motsi a ɗakuna, tsoho na sauka daga gado ƙararrawa ta buga wajen mai jinya. Mu nan tsofaffinmu suna gida tare da mu, amma tsoron ɗaya ne, Inna ta tashi fitsari ƙarfe 3 na dare ta zame a makewayi kowa na sharar barci. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ma ta ce faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 sun fi yawa a ciki.

Mai arha ita ce PIR, irin wadda ke cikin fitilar sola mai kunna kanta in ka gitta. Zafin jiki take gani. To jikin mutum 37 ne, Maradi kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, bangon siminti ya sha rana yini guda, sai na'urar ta kasa rabe tsoho da bango, wani sa'in ya wuce ba ta ce uffan ba. Lokacin hunturu kuma kyanwa ma tashinta take. Sannan in mutum ya faɗi ya yi shiru ba ruwanta, motsi kawai ta sani.

Mai radar, wato wadda ke gane mutum da igiyar rediyo ta 60 GHz, ta fi ta nesa ba kusa ba, zafi bai dame ta, har numfashin wanda ke kwance tana iya ganewa. Sai dai tsada, ga cin wuta, kuma fanka na rikita ta in ba a saita da kyau ba. In ba ka da panno da batiri, kuran na ɗaukewa ta mutu.

Kamara kam ni ban yarda ba, wa zai sa wa mahaifiyarsa ido a ɗakin kwana? Agogon hannu irin Apple Watch yana gane faɗuwa tun 2018, amma Baba zai cire shi wajen alwala ya manta shi kan buta.

Ni da za a tambaye ni, sai in ce a sayi shimfiɗar nan mai jin nauyi da ake sawa ƙarƙashin katifa ko bakin gado, haɗe da ɗan maganaɗisun ƙofa mai sanarwa in an buɗe ta, masu batiri da ƙararrawarsu ba sai da intanet ba. Kafin ka biya ka sa mai shago ya gwada a gabanka, ka kai ƙararrawar bayan bango biyu ka ji ko tana bugawa, ka kuma tambaya ko batirinta irin wanda ake samu ne a kasuwa nan, ba sai an aika Kano ba.