Laftof ko kwamfutar tebur: wacce za ka saya wa shagon buga takardu?

Duk wanda ya taɓa riƙe shagon buga takardu a Ringim ko Bichi lokacin rajistar JAMB ya san yadda abin yake. Tun hantsi kana duƙe a gaban kwamfuta, ɗalibai sun yi layi har bakin titi, ba ka miƙewa sai an kira sallah. Na daɗe a wannan sana'a, kuma abin da ke damuna shi ne yadda samari ke shiga Farm Centre ko Beirut Road a Kano da kuɗinsu, su yi ta tambayar ƙarfin batir da saurin na'ura, amma babu mai tunanin yadda zai zauna a gabanta awa takwas kullum.

A ƙauye laftof ta fi ta tebur ta fuskar wuta, wannan ba a ja. Cazarta galibi wat 45 zuwa 65 ce, ƙaramin sola zai ɗauke ta, kuma in an ɗauke wuta aikinka ba ya salwanta. Ta tebur kuwa, wuta na tafiya ta mutu.

Matsalar laftof ita ce allonta da madannanta a haɗe suke. In ka ajiye ta ƙasa don hannu ya sake, wuya ne zai sunkuya yini guda. In ka ɗaga ta don ido ya daidaita, kafaɗu su rataye. Daga nan sankarewar wuya take farawa, sai ciwon kafaɗa, wani ma har yatsunsa su riƙa yin sanyi da tsakar dare. Ni kaina sai da na yi watanni ina shafa man zafi kafin na gane daga ina ciwon yake.

Ta tebur ba ta da wannan matsala, domin allonta daban yake. Kana iya saita shi yadda saman allon zai yi daidai da idonka, nisansa kamar tsawon hannu, wato santimita 50 zuwa 70. Sai dai kada araha ta ja ka ga tsohon allon nan mai ƙaton ƙeya. Yana shan wuta, yana cinye tebur.

Ni shawarata, ɗan'uwa: sayi laftof, ka haɗa da kibod da maus na daban. Ɗora laftof ɗin kan rim biyu ko uku na takardar A4, waɗanda dama suna shagonka. Ka samu sauƙin wuta, wuyanka kuma ya huta.

Kujera ce inda mutane suka fi yin rowa, alhali ita ta fi cancanci kuɗi. Benci ba ya tallafar baya, kujerar roba kuma ta yi wa yawancin tebura gajarta. Kujerar ofis ta gwanjo tana da kyau in mariƙinta na ɗagawa yana aiki, amma ka zauna a kai ka gwada kafin ka biya. In babu, je wurin kafinta ka zauna ya auna ka: tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, gwiwar hannu ta zo daidai da tebur, majingina ta tokare ƙugu.

Tabarau da ake tallatawa wai yana tare shuɗin hasken allo, ajiye kuɗinka. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayensa. Abin da ke sa ido raɗaɗi shi ne mutum yana rage ƙiftawa in ya ƙura wa allo ido, ga ƙurar hunturu ta ƙara busar da shi. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, kuma kada allon ya fuskanci ƙofar da rana ke shigowa. In ciwon kai ya ƙi tafiya, je a auna idon, ko a asibitin ido na ECWA da ke Kano.

In janareta za ka yi amfani da shi, sa kuɗin doguwar waya cikin lissafi tun farko. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa, don haka a waje zai zauna, nesa da ƙofa da taga, ko da ana ruwa.