Malamar da ke shigowa gida duba mai jego: abin da na gani cikin kwana arba'in

Autarmu tana da shekara 17 ta yi haihuwar fari. Tun cikin na wata bakwai aka dawo da ita gaban Inna goyon ciki, a unguwarmu da ke bayan garin Zariya. Naƙuda ta taso mata da tsakar dare ana tsananin hunturu, alhali a lissafinmu da sauran kusan wata guda, kuma kafin a samo mai Keke Napep ta riga ta sauka a hannun ungozoma. Namiji ne, ɗan firit, kukansa kamar na 'yar kyanwa. Ni ce babbar yayarta, koyarwa nake yi a sakandare, hutu kuma ya zo daidai, sai na tattaro na tare a gidan. Saboda haka a batun matan nan masu bin gida-gida suna duba masu jego, ni ganau ce ba jiyau ba.

Irinsu sun kasu kashi-kashi. Akwai na shirin CHIPS, na masu wayar da kai kan lafiya a cikin unguwanni, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a garin Lafiya na jihar Nasarawa a 2018, akwai masu wayar da kai da aka gada daga yaƙi da shan-inna, akwai kuma waɗanda ƙungiyoyi ke ɗauka. Tamu ba zan faɗi wanda ya turo ta ba, domin a bakina akwai yabo akwai ƙorafi. Malama muke ce mata. Ba nas ba ce, 'yar unguwa ce da aka ba horo, dattijuwa mai 'ya'ya shida, kuma tun Auta na da ciki ta zo sau biyu ta rubuta sunanta a wani babban littafi.

Da hantsi washegarin haihuwa ta yi sallama. Ungozoma ce ta aika mata. Inna ta amsa a daƙile, don a ganinta duk mai jaka da littafi, in ba ɗigon foliyo ta kawo ba to zancen tsarin iyali ne. Malama ta cire takalmi, ta durƙusa ta ce, "Barka da arziki, Inna. Allah Ya raya mana, Ya ba mai jego lafiya." Ta zauna a tabarma aka gaisa har da tambayar mutan gida, kamar ba aiki ya kawo ta ba. Sai da Inna ta saki fuska sannan ta nemi ruwa da sabulu, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta ce a miƙo mata angon nata.

Ta saka shi a wani ɗan ƙyalle ta rataya a ma'auni mai ƙugiya, irin na masu sayar da hatsi amma ƙarami. Kilo 2.1. Ta ce duk jaririn da bai kai biyu da rabi ba sai an yi masa tattali na daban. Ta buɗe ƙirjinsa ta zuba ido, agogon waya a hannu, ta ƙirga numfashinsa minti guda cur ba ta ce uffan ba. Ta ce in ya kai 60 a minti, ko aka ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, ko jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, kada a jira gari ya waye. Ta taɓa tafin ƙafarsa ta ɗago ta dube ni. Sanyi kamar randa. An yi masa wanka da daddare, an naɗe shi a tawul an ajiye can ƙarshen gado.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗakin cike yake da 'yan barka, Auta kuwa ta juya fuska bango. Kunyar ɗan fari. Ko kallonsa ba ta yi, balle ta ba shi nono a gaban Goggo da maƙwabta. Inna ta riga ta sa an tatse dakashi an zubar, wai ƙazanta ne, ana ɗiga wa yaro ruwan dabino da cokali. Da ni ce, da faɗa zan fara, kuma na san inda za a ƙare. Malama sai ta roƙi 'yan barka su ɗan ba ta wuri za ta duba jikin mai jego, ta saki labule, muka rage mu huɗu. Ta ce wa Auta, "'Yata, nan ba mai ganinki sai Allah sai mu. Juyo." Ta gyara mata zama, ta tallafo kan yaron, ta nuna mata yadda zai buɗe baki ya kama har baƙin, ba kan kaɗai ba. Ya kama ya saki ya fi sau biyar. Aka kusa rabin awa kafin mu ji yana haɗiya. Game da dakashi kuwa ba ta ce Inna ta yi kuskure ba. Cewa ta yi, "Inna, ai kin ga ɗan akuya ma in bai sha na farkon nan ba, ba ya ƙarko." Inna mai kiwo ce. Ta yi shiru.

Sai batun ɗumi. Ta ce a cire masa kaya a bar masa hula da nafkin, a kwantar da shi a ƙirjin uwar fata da fata, a ɗaure da zane. Inna ta ce ita goyon baya ta sani, wannan na ƙirji sabon salo ne. Ba sabo ba ne can, likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalaben saka bakwaini, amma Malama ba ta tsaya tarihi ba. Ta ce ai in Auta ta shiga wanka, wa ya fi cancanta ya ɗumama shi in ba kakarsa ba? Da yamma na leƙa na tarar da Inna zaune a kan sallaya da carbi, jikanta ɗaure a ƙirji cikin rigarta, tana hararar duk wanda ya ɗaga labule iska ta shigo. Daga ranar goyon ƙirji ya zama nata, har Auta sai ta roƙa.

Cibiya ma an ci nasara. An riga an tanadi tsumma da kasko na gashi, Malama ta ba da wani ɗan bututun man shafawa, kulohekzidin, ta ce a wanke hannu a shafa sau ɗaya kullum, ta nanata har sau uku cewa ba na ido ba ne, kada a kuskura.

Inda ba ta yi galaba ba shi ne wankan jego. Nan Inna ta kafe, kuma ba na jin akwai mahaluƙin da zai raba ta da tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya. Malama ta san tun shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Abin da ta samu shi ne a rage kanwa, a sirka ruwan, a bar gadon. Ta danna ƙafar Auta ta duba kumburi, ta tambayi yawan jini. Amma abin auna hawan jini babu a jakarta. Yarinya 'yar 17, haihuwar fari, ita ce ake jin tsoron jijjiga a kanta ko bayan haihuwa, a ce mai zuwa duba ta ba ta da wannan? Na tambaya, ta ce ba a ba su ba.

Rana ta uku ta dawo, ta ɗauki yaron ta fita da shi haske, ta danna karan hancinsa da yatsa, ta buɗe idonsa. Mu da muke kwana da shi a ɗaki mai duhu ba mu lura ba. Shawara ce, har ta sauko ciki. Ta ce asibiti yau, ba gobe ba, don ƙaramin jariri in ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa. Goggo ta ce a shanya shi a ranar safe a ba shi ruwan gulukos. Malama ta ce, "Goggo, ki yi haƙuri, wannan ta wuce nan." Ta rubuta takarda ta ba ni.

Daga nan muka ga iyakar aikin. Mijin Auta yana Kaduna wajen nema, Inna ta ce ba a fita da ɗan mutum kafin suna ba da izinin ubansa ba. Awa biyu muna kira. Da aka same shi ya ce a tambayi mahaifinsa. Malama ba ta da hanyar shiga zauren surukan, ni na je da kaina. Ƙaramin asibitin da takardar ta nuna ba su da fitilar da ake saka jarirai a ƙarƙashinta, suka tura mu babba. A can ba wanda ya kalli takardar sau biyu, muka bi layi kamar kowa, kuɗin gwaji da na gado daga jakata suka fita. Kwana uku yana ƙarƙashin shuɗin haske, an rufe masa ido, muka dawo ana gobe suna. Idon Malama ne ya cece shi, wannan ban da shakka. Amma da ba ni da albashi a hannu, da ganin nata ya tsaya a gani.

Ko wanzami da ya zo ranar suna ya tsaya a aski bai cire beli ba, ba maganarta ce ta yi aiki ba. Likita ne ya ja kunnen uban yaron ido da ido. A gidajenmu ɗaki na mata ne, amma izini da kuɗi suna zaure. Shi ya sa na yaba da abin da aka gwada a ƙaramar hukumar Toro ta jihar Bauci, inda mata ke ziyartar masu ciki, maza kuma su ziyarci mazajensu su zauna su tattauna aikin wahala da duka da alamomin haɗari. Da akwai namiji irin wannan a unguwarmu, da awa biyun nan ba su tafi a banza ba.

A zaman jinya na riƙa duba waya, don na so in san ko sa'a muka taka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin jarirai 1,000 da aka haifa a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda, kuma kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan uku cikin huɗu na mace-macen jarirai a makon farko suke faruwa, shi ya sa ita da UNICEF tun 2009 suka ba da shawarar a shiga gida rana ta ɗaya da ta uku, in da hali da ta bakwai. A Gadchiroli ta Indiya, inda likita Abhay Bang ya horar da matan ƙauye, mutuwar jarirai ta ragu da kashi 62 cikin ɗari, amma su har allurar maganin ƙwayoyin cuta suke yi a gida. A Gana, a yankin Brong Ahafo na wancan lokacin, inda masu ziyara duba kawai suke yi su tura asibiti, ragin da aka bayyana a 2013 kashi 8 ne. Da na karanta wannan sai na gane Malamarmu. Irin ta Gana ce, an ba ta ido da baki, ba a ba ta allura ba, ba a ba ta mota ba.

Bayan suna ƙafarta ta ɗauke. Ta zo sau ɗaya a mako na uku, daga nan shiru. Da na haɗu da ita a hanya ta ce gidajen da ke kanta sun yi yawa, alawus ya yi watanni bai fito ba, katin waya ma daga aljihunta. Ban ga laifinta ba. Wata rana aka turo wata yarinya a madadinta, ta tsaya daga bakin ƙofa tana karanto tambayoyi a takarda tana ɗan cike gurbi, ko yaron ba ta ɗauka ba, ta ce za ta ɗauki hoto. Inna ta ce mai jego na barci. Aikin ɗaya, jakar ɗaya, amma sam ba a haɗa su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Auta kanta. Makonni tana kuka da daddare in ta ɗauka mun yi barci, abinci sai an matsa mata, ta ce mini, "Yaya, ni ji nake kamar ba nawa ba ne." Duk tambayoyin littafin na jini ne da nono da rigakafi. Ba layi ɗaya na yaya zuciyarki take. A Amurka, shirin da David Olds ya fara gwadawa a garin Elmira a 1977 nas guda ce ke bin mai cikin fari mai ƙaramin ƙarfi tun kafin haihuwa har yaro ya shekara biyu, kuma an samu raguwar cin zarafin yara da sakaci da su. Ban ce mu yi daidai da su ba, aljihun ba ɗaya ba ne. Amma yarinyar da ta saki jiki da mace guda har ta juyo daga bango saboda ita, ai ita za ta faɗa wa abin da ba za ta faɗa wa Inna ba, in da za ta ci gaba da zuwa.

Wadda ke da mai ciki a gida, musamman ƙaramar yarinya ko wadda ta taɓa rasa jariri, ta nemi mai zagayen unguwarsu tun kafin haihuwa ta karɓi lambarta. A kira ta ranar da aka sauka, kada a bari sai an yi suna, don aikinta mafi tsada a kwana ukun farko yake. A haɗa ta da maigidan ko a waya ne, a karɓi izinin fita asibiti tun lafiya lau, a ware kuɗin mota a ɗaure a gefe.

Ana saura kwana biyu arba'in Malama ta zo da ma'auninta. Kilo 3.1. Ta tuna mana allurar mako shida, ta rufe littafi. Da na tambaye ta wa zai ci gaba da duba su in Auta ta koma ɗakinta a Rigasa, sai ta ce can ba yankinta ba ne, kuma babu takardar da za ta miƙa wa ta can. Ta yagi gefen takarda ta rubuta lambarta ta ba Auta, ta ce ko filashin ta yi za ta kira.