Sharhi: Darasin jan kwale-kwale da tirela ya cancanci kuɗinsa

Wanda duk ya zauna a jihar Minnesota ta Amurka ya san yadda ruwa ya shiga jinin mutanenta. Kirarinta ƙasar tafkuna 10,000, alhali ƙidayar hukuma ta kai 11,842. Da ƙanƙara ta narke, aka buɗe kamun kifi a watan Mayu, sai ka ga motoci jere a hanya kowace na jan kwale-kwale. Mu ma da iyali muka sayi namu, na hannu, na alminiyam mai ƙaramin inji, haɗe da tirelarsa, wato ɗan amalanken da ake ɗora shi a kai a ja da mota. Kafin in kai shi bakin ruwa sai na biya kuɗin wani darasi na rabin yini da ake yi wa sababbin shiga. Shi nake son yi wa sharhi, domin na gamsu cewa wahalar kwale-kwale ba a cikin ruwa take ba, tana tsakanin ƙofar gida da bakin tafki.

A wani fili babu motoci aka fara. Malamin namu, wani dattijo mai haƙuri, bai bari kowa ya tayar da mota ba sai da ya sa muka tsuguna muka karanta lambar da ke jikin ƙwallon ƙarfen da ake maƙala tirela. Ashe girmansa iri-iri ne: akwai inci 1 da 7/8, akwai inci 2, akwai inci 2 da 5/16. In ka ɗora bakin tirela mai inci 2 a kan ƙaramin ƙwallo, zai zauna daram kamar ba komai, sai ka faɗa rami a hanya ya tsinke. Shi ya sa ake gicciya sarƙoƙin nan biyu a ƙarƙashi, don su tallabe bakin tirelar kada ya caki kwalta.

Sai aka zo ribas, nan aka sha dariya. Wani abokin karatunmu, wanda ya ce ya shekara da shekaru yana tuƙi, ya murɗa sitiyari dama, tirela ta yi hagu. Ya ƙara murɗawa da ƙarfi, ta naɗe ta dawo gefensa har suna kallon juna da kwale-kwalen ta taga. Shi kansa sai da ya kifa kai a sitiyari yana dariya. Dabarar da aka ba mu mai sauƙi ce: ka riƙe sitiyari ta ƙasa, duk inda kake son tirela ta nufa, can za ka kai hannunka, kaɗan-kaɗan. In ta fara karkacewa, ka ja gaba ka miƙe, kada ka yi gardama da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne da malamin ya kai mu mashigar ruwa ta jama'a, ya ce mu tsaya mu yi kallo kawai. Gani ya kori ji. Wani bawan Allah ya gangara da tirelarsa har ruwa, kwale-kwale ya ƙi sauka. Ya ƙara ja baya, ya ƙi. Ya fito ya tura da kafaɗa, ya ƙi. Can sai muka ga bayan tirelar ya ɗago yana lilo a kan ruwa, ashe ɗamarun baya da ke ɗaure kwale-kwale da tirela bai kwance su ba, kwale-kwalen ya goya tirelar yana neman tafiya da ita. Ɗiyarsa ƙarama ce ta nuna masa da yatsa. Malamin ya ce kishiyar wannan ta fi ciwo: mai ɗoki ya cire igiyar gaba tun daga saman gangare, yana taka birki kwale-kwale ya sulale ya zauna a kan siminti, ruwa na can gaba. Akwai kuma masu mantawa su ɗage inji, ka ji farfela na kartar ƙasa tun daga nesa.

Maganar matoshi ita ce ya fi daɗewa a kai, kuma ya kyauta. A ƙasan bayan kwale-kwale akwai ɗan rami na zubar da ruwa, da matoshinsa. Dokar Minnesota ta ce a cire matoshin nan duk lokacin da ake jan kwale-kwale a hanya, don kada a ɗebo ciyawar ruwa da wasu ƙananan halittu masu ɓawo daga wannan tafki a kai wancan. Irinsu ne aka gano a tafkin Minnetonka a 2010, kuma suna yaɗuwa su toshe bututu su yanke ƙafar masu wanka. To, tunda doka ta sa kowa ya iso da rami a buɗe, mantuwa ɗaya ta isa. Mutum ya sauke kwale-kwale, ya je ya aje mota, ya dawo ya tarar da silifas ɗin yara da kular abinci suna yawo a ciki. Shawarar malamin ita ce a ɗaure matoshin a jikin makullin inji, yadda ba za ka iya tayarwa ba sai ka gan shi. Haka nake yi, kuma hankalina kwance yake. Ya kuma tuna mana cewa yaro ƙasa da shekara 10 dole ya sa rigar ceto muddin ana tafiya a ruwa.

Inda darasin ya gaza shi ne ɗauko kwale-kwale daga ruwa. An kashe lokaci sosai a saukarwa, ɗaukowa kuwa a gurguje aka yi ta, ana cikin lumana babu iska. Alhali nan ne ake gumi: iska na tura ka gefe, mutane na layi suna jira, in ka nutsar da tirela da yawa kwale-kwale ya hau a karkace, in ba ka nutsar sosai ba ya ƙi hawa. Wannan ya kamata a ba shi awa guda cur. Haka kuma da motar masu darasin da tirelarsu aka koya mana, tirelar doguwa ce, ga shi gajeriyar tirela irin tawa ta fi saurin naɗewa a ribas.

Duk da haka ina ba duk wanda ya sayi kwale-kwale shawarar ya nemi irin wannan darasi kafin ranar fitarsa ta farko, ya tafi da maiɗakinsa ko babban ɗansa, tunda aikin na mutum biyu ne, ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da igiya. Kafin ka biya, ka tambaya ko za su yarda ka zo da motarka da tirelarka, kuma ka roƙi a maimaita maka ɗaukowa har hannunka ya faɗa.