Gidan tarihin jirgin ƙasa na Strasburg, inda ake kallon kan jirgi daga ƙarƙashinsa

Strasburg ƙaramin gari ne a gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania a Amurka, mazaunansa 'yan dubbai ne kawai, amma a gefensa aka gina gidan tarihin jiragen ƙasa na jihar, wanda aka buɗe a shekarar 1975, yake kuma ɗauke da kawunan jirgi da taragu fiye da ɗari. Ƙashin bayan tarin ya fito ne daga kamfanin Pennsylvania Railroad, wanda aka kafa a 1846, wanda kuma ya yi hangen nesa ya ajiye wasu tsofaffin injinansa a lokacin da ake yanka irinsu ana narkarwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ramin da aka tanada a cikin babban zauren, inda mai ziyara yake sauka ya bi ta ƙarƙashin wani kan jirgi mai aiki da tururi. Daga nan ne mutum yake ganin gatarin ƙafafu da birki da sandunan da ke ɗaukar ƙarfin tururi su mayar da shi juyawa, yake kuma fahimtar cewa kowace gaɓa a cikinsu tana buƙatar hannun ma'aikaci ya duba ta, ya zuba mata mai, kafin jirgi ya tashi. Hoto ba ya isar da wannan. A ganina, gidan tarihin da ya sa baƙo ya yi tunanin makanikai da masu zuba kwal a wuta, waɗanda ba a cika rubuta sunayensu ba, ya cika aikinsa.

Daga cikin injinan, mai lamba 460 ya cancanci a daɗe a gabansa. An ƙera shi a 1914, kuma a watan Yunin 1927, da aka yi wa matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh gagarumar tarba a Washinton bayan ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai, wannan injin ne ya ja tarago ɗauke da fim ɗin bikin na wani kamfanin labarai har kusa da New York, aka kuma isa birnin cikin awa uku da 'yan mintoci. Jirgin saman da ya ɗauko fim ɗin abokan gasar kamfanin ya riga shi isa, sai dai an wanke fim ɗin jirgin ƙasan a cikin tarago ana tafe, saboda haka shi aka fara haskawa a gidajen silima. Akwai kuma injin lantarki samfurin GG1 mai lamba 4800 na shekarar 1934, wanda shi ne na farko a jinsinsa.

Wasu injinan suna ajiye a filin waje, kuma ruwan sama da ƙanƙara sun bar alamarsu a jikinsu. Wanda ya gan su zai gane irin ɗawainiyar da ke cikin adana ƙarfe mai wannan girma.

Shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce ya haɗa ziyarar da hawa jirgin Strasburg Rail Road, wanda tasharsa take tsallaken titi. Layin ya samu izinin kafuwa tun 1832, tikitinsa daban ne da na gidan tarihin, kuma tafiyar zuwa da dawowa tana ɗaukar kimanin minti 45 ta tsakiyar gonakin al'ummar Amish, wasu Kiristoci manoma masu guje wa yawancin kayan zamani. Ya fi kyau a fara da gidan tarihin, domin wanda ya riga ya ga sandunan nan a tsaye zai san abin da yake kallo idan suka fara motsi. A ware aƙalla rabin yini, a sa takalmi mai daɗin tafiya, kuma a bincika ranakun buɗewa tun daga gida, domin jadawalin yana sauyawa da yanayin shekara.