Wasiƙa daga New Hampshire: arahar kaya da ƙarancin hidimar gwamnati

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, ga amsar tambayarka game da tsadar rayuwa da tsaro a jihar New Hampshire ta Amurka, inda nake zaune a birnin Nashua, daf da iyakar jihar Massachusetts.

Jihar nan ba ta karɓar harajin sayen kaya a kantuna, ba ta kuma taɓa albashin ma'aikaci, saboda haka kuɗin da aka rubuta a jikin firiji shi kaɗai za ka biya. A Massachusetts ana ƙara kashi 6.25 cikin ɗari, shi ya sa ranar Asabar harabar manyan kantunanmu ke cika da motoci masu lambar can. Mutanen New Hampshire suna alfahari da gwamnati mai ƙaramin hannu: 'yan majalisar wakilai 400 ne, kowannensu dala 100 yake samu a shekara, kuma taken jihar da ke kan lambar mota yana nufin ko 'yanci ko mutuwa. Wannan ne ya sa ƙungiyar Free State Project, ta masu son rage ikon gwamnati, ta zaɓi jihar a 2003 domin magoya bayanta su yi ƙaura zuwa nan.

Sai dai arahar ba ta kai ko'ina ba. Makarantu sun dogara ne kan harajin gidaje, wanda yake da nauyi ƙwarai, mai gida kuwa a kuɗin haya yake fanshewa. Babu jirgin ƙasan fasinja daga Nashua zuwa Boston, babban birnin Massachusetts, kuma a ƙananan garuruwa da dama mutum ne ke kai shararsa juji da kansa.

Batun tsaro ya fi ɗaure mini kai. Tun 2017 ba a buƙatar lasisi kafin a ɗauki bindiga a ɓoye, kuma ranar da na fara ganin wani dattijo da ƙaramar bindiga a ƙugu yana layin biyan kuɗin madara, sai da gabana ya faɗi. Duk da haka jihar tana cikin waɗanda kisa da fashi suka fi ƙaranci a Amurka. A ƙauye na ga teburin ƙwai a bakin titi babu mai tsaro, sai gwangwanin da mai saye zai jefa kuɗi. Ban yarda ƙaramar gwamnati ce sila ba, domin maƙwabtan jihohinmu Maine da Vermont suna karɓar harajin albashi, amma su ma haka suke zaune lafiya. Abin da ke damuna shi ne muguwar ƙwayar maye mai suna fentanyl, wadda ta hallaka matasa da yawa, musamman a birnin Manchester na jihar nan.

Idan ɗanka zai zo, ya fara koyon tuƙi, ya kuma tanadi kuɗin haya na wata uku.